Zubewar Gashi: San Ciwon Kafin Ka Kwance Lalita

Duk wanda ke cin kasuwa a Jabo, ko Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Kebbe, ya san masu tallar magani. Wani ya ɗaura lasifika bisa mota, wani ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera kwalabe. Cikin abin da su ke talla har da maganin fito da gashi. Mutane kuwa suna saya. Uba ya saya domin ɗansa mai makero, mace ta saya domin gashin goshinta ya ja baya, magidanci ya saya a ɓoye domin sanƙo ya fara leƙo shi. Galibin kuɗin nan asara ne.

Dalilin asarar ɗaya ne. Zubewar gashi iri iri ce. Akwai wadda ke warkewa sarai in an sha maganin da ya dace. Akwai wadda ke gyaruwa da kanta ba a kashe ko kwabo ba. Akwai kuma wadda maganinta ba ya ƙarewa, sai dai a yi ta saye har tsufa. Wanda bai san irin tasa ba, ya sayi magani, ya yi harbi cikin duhu. Rashin sani ya fi dare duhu.

YADDA GASHI KE TSIRA

A kan mutum akwai silin gashi kimanin 100,000. Kowane sili yana da saiwarsa cikin fata, kamar yadda kowane karan gero ke da tasa cikin ƙasa. Gashi yakan ƙaru da wajen santimita 1 a wata, watau bai kai fāɗin ɗan yatsa ba. Sili yakan yi shekaru yana tsawo, sa'an nan ya huta, ya fāɗi, wani sabo ya fito daga saiwar nan. Saboda haka mai lafiya ƙalau ma yakan zubad da sili 50 zuwa 100 kowace rana. In mace ta ga ɗan gashi a jikin mataji, kada hankalinta ya tashi.

Abin da za ka riƙe shi ne wannan: muddin saiwa tana da rai, gashi yana iya dawowa. In saiwa ta mutu, wurin ya zama tabo mai santsi, to, babu man da zai sāke fito da gashi a nan, kome tsadarsa.

MAKERO

Makero, wanda waɗansu ke kira makenkero ko ƙora, shi ya fi damun yaranmu. Alamarsa ita ce gashi ya kakkarye a wuri guda, wurin ya yi fari fari kamar an barbaɗa toka, yana ƙaiƙayi. Wani lokaci kaluluwa takan fito a wuya ko bayan kunne.

Abin da ke kawo shi wani ɗan mitsitsin tsiro ne, dangin fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. Yana yaɗuwa daga yaro zuwa yaro ta hanyar aska, da injin aski, da mataji, da hula, da matashin kai, da tabarmar kwana. Shi ya sa ya yi yawa a makarantun allo da na boko, inda yara ke cuɗanya. Akan ɗauke shi kuma daga kyanwa, ko kare, ko ɗan maraƙi mai irin ciwon. Yakan ragu in yaro ya balaga, amma jira har lokacin nan kuskure ne, domin kafin nan ya shafa wa ƙannensa, watakila kuma ya bar masa tabo.

To, ga inda kuɗi ke salwanta. Tsiron nan yana shiga can cikin silin gashi har saiwa. Man shafawa kuwa a kan fata ya ke tsayawa, ba ya kai wa can. Uba ya sayi man shafawa, wurin ya yi kamar ya warke, bayan mako biyu ya dawo. Ya sāke sayen wani, ya dawo. Akwai ma irin man da a ke haɗawa da wani sinadari mai suna sitiroyid. Shi wannan yakan kwantar da ƙaiƙayi nan da nan, amma tsiron ƙara bazuwa ya ke yi a ƙarƙashinsa.

Waɗansu in abin ya ishe su sai su kankare wurin da aska, su zuba ruwan batir, ko man birki, ko baƙin man inji. Wannan ƙona fata ya ke yi, ya kashe saiwar gashi. Yaron da zai warke sarai sai ya tashi da tabo har ƙarshen ransa.

Maganin makero na sha ne. Akwai wani mai suna girisofulbin. A 1939 aka fara samo shi daga wata irin fumfuna, a 1958 kuma aka gane yana warkad da makero in an sha. Kafin shekarar nan, a Turai da Amurka, haske irin na ɗaukar hoton ƙashi a ke haska wa kan yara don gashin ya zube duka. Daga baya aka ga waɗansu daga cikin yaran nan sun kamu da ciwon daji saboda hasken. Mu yau Allah ya hutasshe mu da wannan.

Ana shan girisofulbin kullum har mako 6 zuwa 8. A sha shi tare da abinci mai maiƙo, kamar nono, ko ƙosai, ko tuwo da man shanu, domin maiƙo ke taimakonsa shiga jiki. Akwai wani kuma, tabinafin, wanda galibi mako 4 a ke shansa. Ma'aikacin lafiya ne zai auna nauyin yaro ya faɗi adadin da zai sha. Mace mai ciki ba ta shan girisofulbin.

Ka lura da wannan ƙwarai: bayan mako biyu wurin zai yi kyau, ka ga kamar an gama. Ba a gama ba. In ka tsaya a nan ciwon zai dawo, kuɗin da ka kashe ya tafi a banza, sai an faro daga farko. Ka tambayi kuɗin maganin duka tun ran farko, ka tanade shi, ka ƙarasa.

Wani lokaci makero yakan kumbura ya yi tudu mai laushi, yana fid da mugunya. Kada a kai wa wanzami ya tsaga shi kamar maruru. A kai yaron asibiti da sauri, domin irin wannan ne ya fi barin tabo.

GASHIN DA KE DAWOWA DA KANSA

Mace ta haihu. Bayan wata 2 zuwa 4 sai ta ga gashinta yana zuba da yawa wajen tsefewa. Wannan ba sammu ba ne, ba kuma laifin makitsiya ba ne. Lokacin ciki gashin da ya kamata ya fāɗi yakan tsaya, bayan haihuwa sai ya zube gaba ɗaya. Galibi kafin jaririn ya shekara gashin ya koma yadda ya ke.

Haka nan wanda ya yi zazzaɓi mai tsanani, kamar taifot ko zazzaɓin cizon sauro mai zafi, ko wanda aka yi wa aiki a asibiti. Bayan wata 2 ko 3 gashinsa yakan zuba, sa'an nan ya dawo cikin 'yan watanni. Masu shan maganin ciwon daji su ma gashinsu yakan zube, galibi ya tsiro in an gama maganin.

Akwai kuma wani iri, inda mutum zai wayi gari ya ga wuri guda a kansa ko gemunsa ya yi santsi, zagaye kamar kwabo, babu ƙaiƙayi, babu farin gari. Ba a ɗaukar wannan daga wani, ba ya kuma shafar kowa. Mutane da yawa gashinsu yakan dawo cikin shekara guda. In wurin yana ƙara fāɗi, a ga likita.

Irin waɗannan ne ke sa mai tallar magani ya yi suna. An sayi kwalbarsa, gashi ya dawo domin dā ma lokacin dawowarsa ya yi, sai a ce maganin ne. Maƙwabta su ji, su ma su saya.

GASHIN DA KE FAƊAKARWA

Wani lokaci zubewar gashi saƙo ne daga cikin jiki. Macen da jininta ya yi ƙaranci saboda haihuwa a kai a kai, gashinta yakan yi sirara. Za ka ga tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, tana saurin gajiya. Abin da ta ke bukata gwajin jini ne, da maganin ƙarin jini, da abinci irin su hanta, kifi, wake, zogale da rama.

Yaro ƙarami kuma, in gashinsa ya yi ja, ya yi laushi, yana tugewa da sauƙi, ƙafafunsa sun kumbura, to, tamowa ce mai tsanani. Wata likita 'yar Jamaika mai suna Cicely Williams ce ta bayyana ciwon nan a 1933, sa'ad da ta ke aiki a ƙasar da a yau a ke kira Gana. Irin yaron nan ransa ne ke cikin haɗari. A kai shi asibiti ran nan, kada a tsaya neman man gashi.

In gashin gira ya zube, ga kuma wani tabo mai haske a jiki wanda ba ya jin taɓi, a je a duba, kada ya zama kuturta. Kuturta tana warkewa, maganinta kuwa kyauta ne tun 1995, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya. A jiharmu akwai asibitin Amanawa kusa da Sakkwato, wanda ya daɗe yana wannan aiki.

KITSO MAI TSANANI

Mata, ku ji naku. Kitson da aka ja da ƙarfi har ido ya ɗage, ko aka ƙara masa zare ko gashin kanti mai nauyi, yana tuge gashi daga saiwa, musamman a goshi da gefen kunne. In kitso ya hana ki barci, ko ƙananan ƙuraje suka fito a bakin gashi, ya yi tsanani, a kwance shi. Man miƙar da gashi da a ke kira rilaksa shi ma yakan ƙona fatar kai in ya daɗe ko aka yawaita shi.

Da farko gashin yana dawowa in an sassauta. In aka yi shekaru ana ja, saiwa ta mutu, ba ya dawowa. Maganin wannan ba ya cin ko sisi: ki ce wa makitsiya ta sassauta hannu, ki riƙa canja irin kitso, ki bar kai ya huta tsakani. 'Yan mata ƙanana sun fi bukatar wannan sassauci. Man kaɗanya da man shanu suna sa gashi laushi ya rage karyewa, wannan amfaninsu ne, amma ba su ta da saiwar da ta mutu.

SANƘO

Sanƙo gādo ne. Yana zuwa ta wajen uba ko ta wajen uwa, tare da aikin sinadarin da ke sa namiji ya yi gemu da babbar murya. Hula ba ta kawo shi, rawani ba ya kawo shi, ɗaukar kaya a ka ba ya kawo shi. Ba ya ciwo, ba ya rage ƙarfi, ba ya rage kwana. A ƙasashen Turai wajen rabin maza suna da shi kafin su wuce shekara 50.

Akwai magani iri biyu da likitocin duniya suka daɗe da yarda da su. Na farko minoksidil, na shafawa. Asalinsa maganin hawan jini ne, sai aka lura masu shansa gashi yana fito musu. A 1988 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a sayar da shi don sanƙo, da sunan Rogaine. Na biyu finastarayid, ƙwaya ce ta sha, an yarda da ita a 1997 da sunan Propecia. Ita wannan ta maza ce, haramun ce ga mai ciki domin tana iya cutar da ɗan da ke ciki, waɗansu maza kaɗan kuma takan rage musu sha'awa.

Magungunan nan suna rage zubewa, wani kuma gashi kaɗan ya dawo masa. Amma sai an yi wata 4 ko fiye kafin a ga alama, ba kowa su ke yi wa aiki ba, ba su kuma cika kan da ya riga ya yi santsi. Babban abin shi ne, ran da ka daina, cikin 'yan watanni gashin da ka samu zai zube, ka koma inda ka fito.

Bari mu yi lissafi, tun da muna koyonsa a aji. Kwalba ɗaya ta na shafawa wata guda ta ke yi. Mu ƙaddara, don misali, kuɗinta naira 10,000 ne. A shekara naira 120,000 ke nan. A shekara 10, naira 1,200,000, in ma farashi bai tashi ba. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta yanka mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Ashe kuɗin maganin shekara guda ya kusa albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci. Kai manomi, ka juya shi zuwa buhun gero, ko takin zamani, ko tunkiya, ka gani.

Akwai kuma dashen gashi. Likita yakan ciro saiwoyi daga ƙeya ya dasa a gaba, kamar dashen shinkafa ko albasa a fadama. Birnin Istambul na ƙasar Turkiyya ya yi suna da aikin nan. Kuɗin aiki da na jirgi da na masauki miliyoyin naira ne, bayan haka ma galibi sai an ci gaba da shan magani don sauran gashin kada ya zube.

Wanda ya ke da hali, ya kuma san gaskiyar abin, ya ga likita ya zaɓa wa kansa. Amma kada magidanci ya sayar da hatsin gidansa ko ya ci bashi saboda sanƙo. Aski da hula mai kyau sun wadatar.

ME YA SA KUƊIN KE DA NAUYI

A Nijeriya, cikin kowace naira 100 da a ke kashewa a kan lafiya, fiye da 70 daga aljihun majiyyaci da danginsa ta ke fitowa. A ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni na shekarar kuma darajar naira ta fāɗi ƙwarai. Kuɗin mota ya tashi, magani ma ya tashi, domin yawancinsa ko kayan haɗa shi daga waje a ke kawowa.

Kuɗin ciwo kuma bai tsaya ga magani kaɗai ba. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato wajen kilomita 100 ne. Wanda ya bar makero ya lalace har aka tura shi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, zai biya mota zuwa da dawowa, shi da yaro, ga abinci, ga kati, ga yinin gona da ya rasa. In da damina ne, ciyawa ba ta jiransa. Da an tare abin tun farko a asibitin sha-ka-tafi na kusa, ko babban asibitin Tambuwal, da duk wannan bai taso ba.

A 2022 aka sa hannu a dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa. Jihar Sakkwato ma tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya, SOCHEMA. Ka tambayi ma'aikacin asibitinku yadda a ke rajista da abin da tsarin ke biya. Matambayi ba ya ɓata. Sai dai ka sani, irin tsarin nan don jinyar ciwo aka yi shi, aikin ado kamar dashen gashi mai shi ke biya.

ABIN DA ZA KA YI

1. Kada ka sayi magani sai an duba kan an faɗa maka irin ciwon.
2. Ka tambaya: kwana nawa za a sha, nawa ne kuɗinsa duka, me zai faru in an daina?
3. Ka sayi magani a kantin magani mai rajista. Ka karanta lambar NAFDAC, watau hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magani, ka karanta ranar lalacewarsa. Ga amfanin karatun da ka ke koyo.
4. Mai tallar da ya ce kwalba ɗaya tana maganin sanƙo da basir da shawara da ciwon baya, ka riƙe kuɗinka.
5. In yaro ɗaya ya kamu da makero, a duba sauran yaran gida. A wanke huluna da zannuwan kwana da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana. Kowane yaro da matajinsa da hularsa.
6. Ka roƙi wanzami ya sa sabuwar reza, ko ya wanke aska ya tafasa ta kafin ya taɓa wani kan. Wannan yana tsare mu daga ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki kuma.
7. Kada a tsokani yaro mai makero, kada a fid da shi daga makaranta in ya fara shan magani.

Rigakafi ya fi magani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

TAMBAYOYI

1. Don me man shafawa kaɗai ba ya warkad da makero?
2. Mako nawa a ke shan girisofulbin?
3. Faɗi iri biyu na zubewar gashi da ke gyaruwa da kansu.
4. Me ke faruwa in mai sanƙo ya daina magani?
5. In kwalba ɗaya naira 8,000 ce, tana yin wata guda, nawa za a kashe a shekara 3?